Mu 11 muka je, babu mai irin jininta

Ni mahauci ne, ɗan mahauci. A Kano na tashi, ina riƙe wa mahaifina ƙafar akuya yana fiɗa, kuma yanzu shekarata 19 a abbatuwar Oko-Oba da ke Agege, nan Legas. Babu safiyar da ba na taka jini. Da an yanka sa, daga yadda jininsa ya zuba nakan gane ko ƙosasshe ne ko kuwa doguwar tafiyar tirela daga Arewa ta ci ƙarfinsa. Duk da haka sai da na shekara 36 a duniya ban san rukunin jinin da ke gudana a jikina ba, balle na matata. Ranar da na sani kuwa saura ƙiris sanin ya zama ba shi da amfani. Shi ya sa nake so 'yan'uwana mazauna Kurmi su ji yadda abin ya faru daga bakina.

Matata 'yar ƙanwar mahaifiyata ce, auren da a gida ake kira tuwona maina. Tun muna yara ake ce mana jininmu ɗaya, ni kuma na ɗauki maganar yadda take. Haihuwarta ta fari a gida ta yi, a ɗakin mahaifiyarta, ungozoma ta karɓa, aka samu 'ya mace lafiya lau. Ciki na biyu ne ya same mu a Legas. Ta riƙa zuwa awo a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke unguwarmu, suka ba ta kati. A saman katin an rubuta harafin O, a gefensa wani ɗan gajeren zane kamar na ɗebewa a lissafi. Na riƙe katin nan a hannuna ya fi sau goma, ina biyan kuɗi ina mayar mata. Babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce wannan ɗan zanen yana da magana. Har gobe ina ganin sun yi sakaci, amma ni ma ban tambaya ba.

Daren wata Alhamis ne cikin damina naƙuda ta tashi. Wajen ƙarfe 11 ta sauka, namiji. Aka miƙo mini shi na yi masa huɗuba, na fara kiran 'yan'uwa a waya ina yi musu albishir. Ina cikin magana da surukata na ga nas ta fito da sauri da kwano a hannu, ta koma, ta sake fitowa da wani. Mai sana'a irin tawa ba sai an gaya masa abin da ke cikin kwanon ba. Mabiyiya ta faɗo, amma mahaifa ta ƙi tsukewa, jini ya ɓalle. Suka yi allurai, suka danna ciki, suka rataya ruwa. Daga ƙarshe mai asibitin ya ce abin ya fi ƙarfinsu, mu garzaya babban asibitin gwamnati.

Maƙwabcinmu ne ya ɗauke mu a motarsa. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ɗora kanta a cinyata, na riƙe hannunta, tafin ya yi fari fat, ya yi sanyi. Ta buɗe ido ta ce, "Malam, sanyi nake ji. Ka riƙe mini yaran nan amana." Na ce mata ta bar wannan magana, ta yi ta salati. Amma na san kamannin jikin da jini ya tsiyaye daga cikinsa, kullum ina gani, kuma abin da nake gani ke nan a fuskar matata.

Da muka isa aka wuce da ita ciki. Can sai wata likita ta fito ta ce ana buƙatar jini aƙalla leda uku, kuma jinin matata O negatif ne, leda ɗaya tak suke da ita a ma'ajiyarsu, sun riga sun ɗaura mata. Nan take na naɗe hannun riga na ce a ɗebi nawa, ko duka ne. Aka tura ni ɗakin gwaji. Allah Ya haɗa ni da wani ma'aikaci, Bayarabe ne amma haifaffen Sabon Garin Kano, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya ce, "Malam, mene ne rukunin jininka?" Na ce, "AA ne, Oga, an gwada mu kafin aure." Ya girgiza kai ya ce wancan jinotayif ne, gwajin sikila, wanda ake yi don kada AS ya auri AS su haifi SS. Rukunin jini abu ne daban. Na lura mutanenmu da yawa a nan suke tuntuɓe, ni ma a nan na yi.

Ya huda yatsana, ya ɗiga jini wuri uku a kan wani farin faranti, ya zuba wa kowane ɗigo ruwan magani kala daban. Wasu suka dunƙule kamar madarar da ta tsinke, ɗaya ya zauna yadda yake. Ya ce, "Kai B fozitif ne. Jininka ba zai shiga jikinta ba." Na ce ai 'yar'uwata ce ta jini, uwata da uwarta ciki ɗaya suka fito. Ya ce ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke, ana samun bambanci. Ya ƙara da abin da ya ba ni mamaki: ko da rukuninmu ya zo ɗaya, likitoci ba sa son a ƙara wa macen da ke kan haihuwa jinin mijinta, domin jikinta zai iya ƙulla gaba da wasu alamomin jinin mijin, 'ya'yan da za ta ɗauki cikinsu nan gaba kuma sun gaji alamomin daga ubansu.

Na fita na kira maigidana a sana'a. Na ce, "Alhaji, iyali na tsakanin rai da mutuwa, jini ake nema." Bai tambaye ni komai ba sai sunan asibitin. Kafin ƙarfe 2 na dare ya iso da mutum tara, wasu da rigar barci, wasu ruwa ya jiƙe su sharkaf. Da shi da ni mun zama 11. Da na gan su a tsaye a barandar nan sai zuciyata ta yi sanyi, na ce ai an gama, a cikin maza 11 ba za a rasa ba.

Sai aka fara tantancewa, na ga yadda taron ke zubewa ɗaya bayan ɗaya. Yaron da ke koyon aiki a wurina shi ya fara miƙa hannu, aka tambaye shi shekaru ya ce 17, aka ce ya koma, sai mai 18 zuwa 65. Wani dattijo da muke kira Kawu, wanda ya girmi kowa a layinmu, shi kuma shekarunsa sun haura, ya yi ta roƙo yana cewa har yanzu shi kaɗai yake kayar da sa, ba a saurare shi ba. Ɗaya aka ɗora shi a sikeli bai cika kilo 50 ba. Wani yana cikin shan maganin zazzaɓin cizon sauro, jikinsa ma da ɗumi, aka ce sai ya warke sarai. Wani kuma da aka ɗaga rigarsa aka ga sabon tabon ƙaho a bayansa, bai fi mako biyu da zuwa wurin wanzami ba, aka ce ya jira watanni, domin aska da ƙahon da ake yi wa mutane da yawa aiki da su suna iya ɗauko cuta, gwaji kuma ba ya ganin cutar da ta shiga jiki jiya-jiya. Alhaji da kansa aka auna shi aka ce jininsa ya hau sosai, a daren nan ya fara sanin yana da hawan jini. Akwai wanda aka ɗebi samfurin jininsa, bayan ɗan lokaci aka kira shi gefe aka yi masa magana a hankali, ya fito bai ce wa kowa uffan ba.

Mu huɗu muka tsallake. Ni B fozitif, biyu O fozitif, ɗaya A fozitif. Babu negatif ko ɗaya.

Na tsaya a gaban ma'aikacin nan na ce, "Oga, ga masu O har biyu, ita ma O ce, don girman Allah mene ne ya rage?" Maimakon ya kore ni, sai ya juya bayan wata takardar rasit ya ɗauki biro. Ya ce, "Ba kuna shafa wa shanu fenti a kasuwa don a san na wane ne ba?" Na ce haka ne. Ya ce to jajayen ƙwayoyin jini ma suna da shaida a jikinsu. Wani shaidarsa A, wani B, wani yana da duka biyun shi ne AB, wanda ba shi da ko ɗaya shi ne O. A cikin ruwan jinin kowa kuma akwai masu gadi da ke kai farmaki ga duk shaidar da ba ta gida ba. Mai A yana karɓar A da O. Mai B yana karɓar B da O. Mai AB yana karɓar kowanne. Mai O kuwa kowa na iya cin moriyarsa, amma shi ba ya karɓar na kowa sai O ɗan'uwansa. Sannan akwai shaida ta biyu da ake kira Rh, wanda yake da ita fozitif ne, wanda ba shi da ita negatif ne. Mai fozitif yana karɓar duka biyun, mai negatif kuwa negatif ake nema masa, musamman mace mai haihuwa. Ya zagaye O negatif da biro ya ce wannan shi ne jinin da ake ɗaura wa wanda aka kawo cikin gaggawa ba a san rukuninsa ba, shi ya sa kullum yake ƙarewa, ga shi kuma masu negatif a ƙasar nan ba su wuce kimanin mutum 5 cikin 100 ba.

Na tambaye shi me zai faru in an rufe ido an ɗaura mata nawa. Ya ce masu gadin nan za su farfasa ƙwayoyin jinin a cikin jijiya, zazzaɓi ya rufe ta, bayanta ya ɗauki ciwo, fitsari ya koma baƙi, ƙoda ta tsaya, a rasa ta a hannu. Shi ya sa ko rukuni ya zo ɗaya ba a ɗaurawa sai an haɗa ɗigon jinin mai karɓa da na ledar a ɗakin gwaji an ga sun zauna lafiya. Takardar rasit ɗin nan tana nan a cikin akwatina har yau.

Mu huɗun muka kwanta aka ɗebi namu, don a mayar da gurbin abin da za a samo mata daga wani wuri. Ina fitowa daga ɗakin wani mutum ya biyo ni har bakin ƙofa, ya rage murya ya ce in ina da kuɗi yana da yaran da za su bayar, kowane iri nake so. Wallahi na sa hannu a aljihu. Alhaji ne ya riƙe ni ya ce mu fara tambaya. Ma'aikacin ya ce in raba kaina da su. Mai sayar da jininsa ba zai faɗi gaskiya a kan lafiyarsa ba, tunda gaskiyar za ta hana shi kuɗi, kuma wasunsu suna zagaya asibitoci suna bayarwa akai-akai har jinin nasu ya tsinke. Ya ce kowace leda ana gwada ta a kan cuta huɗu, ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da nau'in C, da tunjere, amma gwaji da gaskiyar mai bayarwa tare suke aiki.

Daga nan sai waya. Shi da likitar suka yi ta kiran ma'ajiyun jini na cikin gari. Mu kuma muka shimfiɗa kwali a baranda muka yi ta nafila. Ban taɓa jin dare mai tsawon wannan ba. Ana gab da kiran assalatu sai ga wani yaro a kan babur, ruwa na ɗiga daga rigar ledarsa, da akwatin sanyi ɗaure a bayansa. Leda ɗaya ya kawo. Ta ukun sai da hantsi ta iso daga wani ɓangaren gari.

Da aka bar ni na shiga wurinta, jinin na sauka ɗigo-ɗigo, leɓenta ya fara komawa kalarsa. Na ɗaga kai na dubi ledar. Akwai takarda manne a jiki, da harafin O da ɗan zanen nan irin na katin awo, da lamba, da ranar da aka ɗebi jinin. Na ƙirga da yatsu, kwana 19 ke nan. Wato ranar da wannan bawan Allah ya je ya kwanta aka huda hannunsa, matata tana gida tana girki da tsohon ciki, ni ina kwata ina sara ƙashi. Bai san mu ba. Babu sunansa a jiki, ban san ko namiji ne ko mace ba, Bayarabe ne ko Ibo ko Bahaushe, masallaci yake zuwa ko coci. Mu 11 da muka taso cikin ruwa saboda ƙauna ba mu iya yi mata abin da shi ya yi mata ba, don kawai shi ya riga mu zuwa. A nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma jini na cikin abubuwan da ba a fara nemansu ranar buƙata.

Kashegari likitar ta kira ni ta ce akwai sauran magana. An gwada jaririn, B fozitif ne irina. Idan uwa negatif ce ɗa kuma fozitif, jininsa kan ɗan shiga nata lokacin haihuwa ko ɓari, jikinta ya ɗauke shi a matsayin baƙo ya shirya masa yaƙi. Wannan ɗan ya riga ya fito, amma na bayansa yaƙin zai tarar da shi tun yana ciki, ya zo da shawara mai tsanani da ƙarancin jini, wani ma ya mutu a ciki. Maganin abin wata allura ce da ake kira anti-D, ana yin ta cikin awa 72 bayan haihuwa, ana kuma yin ta tun ciki yana wajen mako 28. Allurar tana da tsada, sai da na sayar da ragon sunan da na tanada na sayi ƙarami, amma an yi mata a kan lokaci. Likitar ta yi mamakin yadda haihuwar fari ta wuce babu allura kuma gwaji ya nuna jikinta bai ƙulla gabar ba. Da muka kai babbar 'yarmu aka gwada, sai ga ta O negatif irin uwarta. Allah ne Ya tsare. Tun daga ranar nake tuna matan da na sani a gida waɗanda suka haifi na fari lafiya, na baya kuma suka yi ta komawa, ana cewa wabi ne ko iska. Ba kowace ce wannan matsalar ta sama ba, amma gwajin da zai bambance bai fi ɗigon jini ɗaya ba.

Bayan suna na je wurin malaminmu da tambayoyin da suka tsaya mini a rai. Na ce, "Allah gafarta Malam, in jinin namiji ne aka ƙara wa iyalina, ya zama muharraminta?" Ya ce a'a, shayarwa ce take haramta aure, ƙarin jini ba ya yi. Na ce in ba Musulmi ba ne fa? Ya ce babu laifi, ceton rai ne. Ya karanto mini aya ta 32 a Suratul Ma'ida, inda Allah Ya ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Ya ce abin da aka hana shi ne sayar da jini a ci kuɗinsa, akwai hadisi a kan haka, amma kyautarsa sadaka ce. A kan azumi kuma ya ce malamai sun yi saɓani kamar yadda suka yi a kan ƙaho, abin da ya fi shi ne mutum ya bari sai bayan buɗa-baki in ba gaggawa ba ce.

Wata huɗu bayan haka na koma da ƙafata, babu wanda ya kira ni. Sai da na yi kokawa da zuciyata, domin a kwata akwai maganganu. Wasu na cewa ba da jini yana rage wa namiji ƙarfi a wurin iyali. Wasu na cewa tsafi ake yi da shi. Wasu na cewa wanda ya bayar ba ya sake cika. Na ga abin da idona, kuma a sana'ata na san awo. Abin da ake ɗiba mililita 450 ne, bai cika ledar fiya wata ɗaya ba, babban mutum kuma yana ɗauke da kusan lita 5, wato kamar leda goma. Ɗibar kanta ba ta wuce minti goma. Ruwan jinin yana dawowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu in ka sha ruwa sosai, jajayen ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni. Shi ya sa ake ce wa namiji ya bar wata uku tsakani, mace wata huɗu. Yau na bayar sau 16, an ƙara mana 'ya'ya biyu a cikin shekarun nan, kuma har yanzu ni nake saɓa cinyar sa a kafaɗa. Abin da nake kiyayewa shi ne ba na zuwa da yunwa, kuma ranar ba na ɗaukar kaya mai nauyi da hannun da aka huda.

A Legas da ka ce ka ba da jini za a ce ka sha maltina da madara. Yana da daɗi, yana mayar da ruwa, amma nas ta gaya mini abin da jiki ke gina jini da shi sinadarin ƙarfe ne, wanda ke cikin hanta, jan nama, wake da ganye irin alayyahu da zogale. Wannan kam a hannuna yake. Duk wanda ya ba da jini a layinmu, hantar ranar tasa ce, ni nake biya.

Wancan abokin namu da aka kira gefe a daren, sai bayan wata biyu ya same ni ya ce ciwon hanta nau'in B aka gano masa. Bai taɓa jin ko ciwon kai ba. Ya ji tsoro ƙwarai, ya ɗauka ajali ne. Yanzu yana ganin likita, an gwada iyalinsa an yi musu rigakafi, kuma ya san ba zai taɓa ba da jini ba. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da wannan cuta, yawancinsu ba su sani ba. Mu da muke yankewa da wuƙa kullum, muna aron aska, muna zuwa wurin wanzami ɗaya, mun fi kowa buƙatar sani. Shi ne yanzu yake tsayawa a kan samari yana cewa su je a gwada su.

A hankali na fara karance-karance a waya, ina tambayar ma'aikatan duk lokacin da na je. A nan na ji sunan Karl Landsteiner, likitan ƙasar Ostiriya da ya gano rukunonin jini a 1901, aka ba shi kyautar Nobel a 1930. Kafin shi ana ƙara wa mutane jini a makance, wani ya tashi wani ya mutu, ba a san dalili ba. Ranar haihuwarsa, 14 ga Yuni, ita ce duniya ta ware don masu ba da gudummawar jini. Na kuma ji cewa Hukumar Lafiya ta Duniya na ganin in mutum 1 cikin 100 na al'ummar ƙasa zai riƙa bayarwa, buƙatar yau da kullum za ta biya. A ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma wadda ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, wannan ba ƙaramin adadi ba ne. Ga shi jini ba ya ajiyuwa kamar kilishi. Kwana 35 zuwa 42 yake yi a firji, daga nan sai zubarwa, dole kullum a samu sabo. Mai AS lafiyayye yana iya bayarwa, na faɗi haka ne saboda da yawa suna janyewa da wannan uzurin. Mai SS ne ba ya bayarwa, shi karɓa yake yi.

Da izinin manyanmu muka gayyato ma'aikatan jini suka zo har kwata wata ranar Lahadi, aka kafa rumfa a bayan masallaci. Mutum 60 da 'yan kai aka gwada. Uku suka fito negatif, ɗaya daga cikinsu O. Na sayi littafi mai bango mai tauri na rubuta sunan kowa da rukuninsa da lambar wayarsa, na ware shafi na musamman ga mutum ukun nan. Yanzu daga Mil 12, Idi-Araba, har Alaba Rago akan kira ni cikin dare a ce matar wane tana zubar da jini, ko yaron wane mai sikila ya galabaita, ko ɗan acaɓa ya yi haɗari. Wani lokaci a dace, wani lokaci mu isa an riga an rufe fuska. Akwai wata baiwar Allah da muka samo mata jini da ƙarfe 4 na asuba, ashe ta riga ta cika tun ƙarfe 3. Mijinta ya riƙe hannuna yana yi mini godiya, ni kuma na kasa kallon idonsa. Abin da ya sa ba na gajiya da gaya wa mutane su je su bayar tun babu wanda ke kwance ke nan, kuma duk mai mata ya buɗe katin awonta yau ya duba abin da aka rubuta a gefen harafin.

Matata ce ta ƙarshe da ta shiga littafin. Tun tana jego take cewa bashi ne a kanta. An gaya mata wanda aka ƙara wa jini sai ya shekara kafin ya bayar, mai ciki ba ta bayarwa, mai shayarwa ma haka, don haka shekaru suka yi ta tafiya tsakanin goyo da ciki. Da ta yaye autanmu ta ce in kai ta. Aka huda yatsanta don a auna ƙarfin jininta, awon ya nuna 11, su kuma a wurin ba sa karɓar ƙasa da 12.5. Ta dawo gida ranta a ɓace. Wata uku ina kawo mata hanta da saifa, tana dafa wake da alayyahu, tana shan ƙwayar ƙarin jinin da aka rubuta mata. Muka koma ranar wata Asabar. Nas ɗin ta duba awon, ta duba katinta, ta ga O negatif, ta miƙe tsaye ta kira abokiyar aikinta ta zo ta gani.

Na zauna a gefenta ina kallon ledar tana cika. Da aka zare allurar ta ce in tambayar mata nas ɗin wa za a ba. Nas ta ce ba ta sani ba, amma irin wannan ba kasafai yake daɗewa a firji ba. Matata ta ɗaga hannun da aka manna wa auduga ta shafi ledar, tana da ɗumi har lokacin, ta yi addu'a a hankali wadda ban ji abin da ta ce ba. Aka ba ta ruwa da biskit, ta huta minti goma sha biyar, sannan muka fito muka tari keke zuwa Agege, don yara na jiran abincin rana.